Darasi Domin Iyaye: Baƙo Makaho Ne, Ko a Gidan Ɗansa

Wannan darasi domin iyaye ne waɗanda 'ya'yansu suka girma, suka kafa nasu gida a birni. Ana iya karanta shi a taron zumuntar mata, ko na maza, ko a ƙaramar ƙungiya bayan sujadar Lahadi. Mutum ɗaya ya karanta da murya, a riƙa tsayawa ana tattaunawa. Idan akwai samari da 'yanmata masu shirin tafiya birni, a gayyace su su zauna tare da mu, gama maganar ta shafe su.

Inda 'ya'yanmu suke zaune

Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko 'ya a Kano. Sun tashi daga ƙauyukanmu na ƙasar Sumaila, Tudun Wada, Doguwa, Rogo da Ƙaraye, wasu domin karatu, wasu domin aiki, wasu kuma aure ya kai su. Bari mu ɗauki unguwa ɗaya ta zama mana misali, wato Darmanawa. Tana cikin ƙaramar hukumar Tarauni, wadda take da mazaɓu 10, ciki har da Gyadi-Gyadi ta Arewa da ta Kudu, Daurawa, Hotoro da Unguwa Uku. A ƙidayar shekarar 2006 an sami mutum 221,367 a Tarauni, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 28. Kusan mutum 8,000 ke nan a kowane murabba'in kilomita, tun daga lokacin kuma jama'a sai ƙaruwa suke yi.

Ga mai zuwa daga ƙauye, wannan lissafi yana nufin gida jikin gida. Ɗan da yake haya a can ba shi da faffaɗar tsakar gida irin tamu. Sau da yawa ɗaki da falo ne, da ɗan madafi da banɗaki, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. A gida muna girki a fili, iska tana kwashe hayaƙi. Muna taka ƙasa, ƙasa kuma tana shanye ruwan da ya zube. A can kuwa hayaƙi ba shi da hanyar fita, ruwa kuma yana kwanciya a kan tayil yana jiran ƙafar mutum.

Dalilan da suke kai mu can ba kaɗan ba ne. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a shekarar 1988, jama'a kuma suke kira Asibitin Malam, yana kan titin Zariya, ba nisa da waɗannan unguwanni. Idan aka tura mu can ganin likita, gidan ɗa ko 'ya ne masaukinmu. Uwa tana zuwa jego. Kaka tana zuwa renon jika. Mukan sauka a tashar Unguwa Uku, mu hau A Daidaita Sahu, kafin rana ta faɗi mun zama baƙi a gidan yaron da muka goya.

Tushen matsalar

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Sun kuma ce matambayi ba ya ɓata. Mun yarda da maganar nan a kan kowa, amma da wuya mu yarda ta shafe mu a gidan ɗanmu. Mu muka koya masa riƙe fartanya, mu muka hana shi wasa da wuta. Yau a ce mu tambaye shi yadda ake kunna murhu?

Ga kuma kunya. A al'adarmu akwai iyayen da ba sa kiran sunan ɗan fari. Suruki ba ya sakin jiki a gaban matar ɗansa. Matar ɗa tana jin nauyin ta ce wa surukarta ba haka ake yi ba. Ɗa kuma yana ganin idan ya tsaya yi wa mahaifinsa bayani, kamar ya raina shi ne. Sai kowa ya yi shiru domin girmama ɗan'uwansa, haɗari kuwa ya sami ƙofa a cikin shirun nan.

Ba mu ce a yar da kunya ba. Abin da muke so mu riƙe guda ɗaya ne: tambaya ba ta rage girman uba, bayani kuma ba raini ba ne daga ɗa.

Misali domin tattaunawa

A ce wata uwa mai shekara 65 ta je Darmanawa jegon matar ɗanta. Ta saba tashi da asuba ta ɗora ruwan wanka. Ɗanta yana aikin dare, ita kuma ba ta so ta tashi mai jego. Ta shiga madafi, ta murɗa kan tukunyar gas yadda ta ga ana yi, sa'an nan ta fara laluben ashana a cikin duhu. Kafin ta same ta, gas ya daɗe yana fita. Ta ji wani wari, amma ta ɗauka warin kwata ne. Sai ta ji murya daga ɗaki: "Mama, kada ku ƙyasta ashana! Ku buɗe ƙofa ku fito!"

Bayan an rufe gas, iska ta shiga, uwar ta ce, "'Yata, ban so in tashe ki ba ne." Mai jego ta ce, "Mama, tun shekaranjiya nake so in nuna muku, nauyinku nake ji."

Mu tsaya a nan mu tambayi juna: wa ya yi laifi? Kowacce alheri ta nufa. Amma da an ƙyasta ashanar nan, rai uku ne a cikin gidan.

1. Santsi da faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a shekarar 2021, ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 suke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan adadi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, waɗanda suka wuce shekara 60 kuma su suka fi yawa.

A gidan birni, banɗaki ne wurin da ya fi haɗari: tayil, ruwa, sabulu, da tsohon silifas da ƙasansa ya side. A shimfiɗa abin takawa na roba, a ajiye ƙaramar kujera domin a yi wanka a zaune. Tocila ta kwana kusa da matashi. Idan za mu tashi da dare, mu zauna a bakin gado ɗan lokaci kafin mu miƙe, musamman masu shan maganin hawan jini, gama miƙewa farat ɗaya tana kawo jiri. A gidan bene, hannu ɗaya ya kasance a jikin ƙarfen matakala, kada mu sauko da jika a hannu da bokiti a ɗaya hannun.

Idan tsoho ya faɗi, kada a yi saurin ciccibar sa. Idan ƙugu yana masa ciwo, ya kasa tsayuwa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, mai yiwuwa ƙashin ƙugu ya karye. Wannan karaya ba ta maɗori ba ce, ta asibiti ce. Asibitin Ƙashi na Dala yana wannan aiki tun shekarar 1959. Idan kuma kai ya bugu, aka ga amai, ko barci mai nauyi, ko magana ta rikice, a tafi asibiti nan take, ko da babu jini a waje.

2. Tukunyar gas

Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka idan ta fita ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya ta cika ɗaki. Da gangan ake sa mata wari domin hanci ya gargaɗe mu. Mu roƙi 'ya'yanmu su bar mu mu sansana warin nan sau ɗaya domin mu gane shi.

Ƙa'idar kunnawa ita ce: ashana tukuna, sa'an nan a buɗe gas. Idan an gama girki a rufe kan tukunyar. Idan aka ji wari, a rufe kan, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita. Kada a ƙyasta ashana, kada kuma a taɓa makunnin wutar lantarki, ko domin a kashe ne, gama ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da gobara. Idan ana zargin tiyo yana yoyo, a shafa masa ruwan kumfar sabulu. Inda kumfa ta taso, nan ne ɓarakar. Ba a gwada yoyo da wuta. Tukunya ta tsaya a tsaye, nesa da risho da murhun gawayi.

Idan mai ya kama da wuta a kasko, ba a zuba masa ruwa. A kashe gas, a kifa murfi a kai.

3. Hayaƙin da ba a gani

Janareta da gawayi suna fitar da wata guba da likitoci suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake bukata. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake wucewa.

Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, wasu suna shigar da janareta cikin madafi ko barandar ɗaki. Wannan kuskure ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya. Wurin janareta waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ba a zuba masa fetur yana aiki ko yana da zafi. A nan, mu iyaye ne ya kamata mu yi magana idan mun ga ɗanmu yana wannan ganganci.

Amma akwai namu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, tsadar kaya ta sa gidaje da yawa a birni suka koma ga gawayi. Mu kuma mun saba da jin ɗumi da kaskon wuta lokacin hunturu. Ɗakin ciyawa yana numfashi ta rufinsa, ɗakin siminti mai silin da tagar gilashi ba ya yi. Kada mu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fitar da kowa waje, a kai su asibiti.

4. Wutar lantarki da ruwan zafi

A birni ana ɗauke wuta ana kawowa ba sallama. Mutum yana guga aka ɗauke, ya bar dutsen guga a jone ya fita. Ko ya sa hita a bokitin roba ya manta. Da tsakar dare aka kawo wuta, gida ya kama. Dokar mai sauƙi ce: da zarar an ɗauke wuta, a cire duk abin da aka jona. Kada a tsoma hannu a bokiti hita tana ciki a jone. Idan wuta ta kama wani, kada mu taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, ko a ture shi da busasshiyar sanda.

Ruwan wankan jego ma abin lura ne. Ɗaukar tafasasshen ruwa a kan tayil, yara suna rarrafe, haɗari ne biyu a haɗe. A fara zuba ruwan sanyi a baho, sa'an nan a ƙara na zafi, a gwada da gwiwar hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kimanin 180,000 a shekara. Idan wani ya ƙone, a riƙa kwarara wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. A cire zobe da abin hannu kafin wurin ya kumbura. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa makilin, ko ƙwai, ko manja, ko gishiri, ko baƙin mai, kada kuma a fasa bororo. Idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko tana fuska, hannu ko al'aura, ko ƙaramin yaro ne, sai asibiti.

5. Kwalabe da magunguna

Kananzir a robar ruwan sha, fiya-fiya a kwalbar lemo, maganin wanke banɗaki a bayan ƙofa: mai gida ya san su, baƙo da yaro ba su sani ba. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da kantuna saboda yawan rayukan da ake rasawa ta hanyarsa. Irin waɗannan abubuwa su zauna a mazubinsu na asali, a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Idan jika ya sha kananzir, kada a sa masa yatsa a baki domin ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir shi ne ya shiga huhu, amai kuwa shi yake kai shi can. A ɗauki yaron da kwalbar a tafi asibiti.

Maganinmu da muke ƙullewa a bakin zane ko mu bari a kan tabarma, jika yana ganinsa kamar alewa. Ƙwayoyi kaɗan na maganin hawan jini ko na ciwon suga suna iya kashe ƙaramin yaro. Mu ma kada mu ari maganin ɗa ko na suruka domin ciwonmu ya yi kama da nasu. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai nauyin 500 a kwana ɗaya, magungunan mura da yawa kuma suna ɗauke da shi a ciki. Duk abin da muke sha, har da na gargajiya, mu nuna wa likita.

Zagayen ranar farko

Ga wata al'ada da za mu iya kafawa. Ranar da iyaye suka sauka, bayan an sha ruwa an huta, a zaga gida tare na minti 15. A nuna kan gas, babban makunnin wuta, famfo, banɗaki, da inda ake ajiye guba. Kada a tsaya a nuni kawai, baƙo ya gwada da hannunsa. A rubuta sunan unguwa, layi, da lambar wayar mai gida a takarda, ta zauna a aljihun baƙo.

Domin a sauƙaƙa wa yara, babba ya fara buɗe baki. Uba yana iya cewa, "Ɗana, gidanka ne, nuna mini yadda kuke yi." Idan nauyin suruka ya yi yawa, a sa jika ko ƙanwar miji ta yi jagora. Ɗa kuma yana iya cewa, "Baba, ni ma da na zo sai da aka nuna mini."

Idan ɓarna ta riga ta faru

Yawancin abin da yake faruwa ƙanana ne. Filas ya fashe. Tukunya ta ƙone. An bar famfo a buɗe lokacin da babu ruwa, da ruwa ya zo ya malale har ɗakin maƙwabci. Tsumma ko leda ta toshe masai. Kuɗi kaɗan suke gyara waɗannan, amma maganar da ta biyo baya tana iya ɓata zumunci na shekaru.

Mu iyaye, kada mu ɓoye. Tiyon da ya ƙone muka yi shiru, shi ne gobarar gobe. Faɗuwar da muka ɓoye domin kada a ce mun tsufa, ita ce take hana a gane ciwon da yake kawo mana jiri. Kada kuma mu haɗa kaya cikin fushi mu koma ƙauye muna cewa matar ɗanmu ta wulaƙanta mu, alhali gargaɗi ta yi. Irin wannan labari yana girma a hanya, yana kuma iya girgiza auren yaranmu.

Ku kuma 'ya'ya, tambayar farko ita ce, "Mama, ba ku ji ciwo ba dai?" Maganar kuɗin kaya ta zo daga baya, a keɓe, ba a gaban jikoki ba. Hannun da ya fasa filas ɗin nan shi ya wanke ku kuna jarirai.

Sa'ad da birni ya zo ƙauye

Lokacin Kirsimeti, abin yakan juya. 'Ya'ya suna kawo mana tsarabar ƙaramar tukunyar gas ko janareta, su koma ba su koya mana ba. Kada mu karɓi kyautar mu ajiye tambayar. Jikokin birni kuma su ne baƙi a gidanmu. Ba su san buɗaɗɗiyar rijiya ba, ko murhu a tsakar gida, ko maganin feshin gona a gindin rumbu, ko kunama a cikin itace. A nan mu ne masu ido. Mu yi musu zagayen ranar farko kamar yadda muke so a yi mana.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane abu ne a gidan ɗanmu ko 'yarmu muke jin tsoron taɓawa, amma ba mu taɓa tambaya ba?
2. A wane wuri kunya take kare zumunci, a wane wuri kuma take jefa rai cikin haɗari?
3. Me muka saba shafawa a kan ƙuna a garinmu? Me za mu yi daga yau?
4. Wace magana ce matar ɗa za ta iya faɗa wa surukarta domin ta gargaɗe ta ba tare da ta ɓata mata rai ba? Mutum biyu su tashi su gwada a gaban ƙungiya.
5. Idan wani ya faɗi ko ya ƙone da dare a ƙauyenmu, wa yake da abin hawa, wane asibiti ne kuma mafi kusa?

Aikin wannan mako

Kowa ya zaga gidansa ya kawar da guba da magunguna daga inda yara suke kaiwa. A nemi wani a cikin ikilisiya mai tukunyar gas ya kawo ta taro mai zuwa, a ajiye ta a fili, kowane dattijo da dattijuwa ya kunna ya kashe da hannunsa. Wanda kuma yake shirin tafiya Kano, ya kira ɗansa tun kafin ya hau mota, ya gaya masa cewa ranar da ya sauka yana so a zaga da shi gida.